Masu Mota Mai Kafireto, a Yi Hattara da Saita Taimin da Kunne

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023 da aka janye tallafin man fetur, roƙon da kanikawan Kurmin Mashi da Panteka a garin Kaduna suka saba ji daga bakin masu mota shi ne: "Oga, a rage mini shan mai." Mai sabuwar mota dai kwamfuta ce ke tsara masa komai. Amma mai tsohuwar Fijo 504 ko 505, irin waɗanda kamfanin PAN ya riƙa haɗawa a Kakuri bayan buɗe shi a 1975, da mai Golf 2, da direbobin tsofaffin bas-bas da ke lodi a Kawo da Mando, yawancinsu motar kafireto suke ja, kuma saitinta a hannun ɗan Adam yake. Sau da yawa abin da ake yi musu bai wuce a kwance noti ɗaya, a murɗa distiribita hagu ko dama, a kasa kunne, a ce ta yi.

Taimin shi ne lokacin da fulogi ke ba da wuta a cikin silinda. Fetur da iskar da kafireto ya gauraya ba sa ƙonewa nan take, sai wutar ta ɗan ɗauki lokaci tana bin su. Shi ya sa ake kunna ta tun fistin bai ƙarasa hawa sama ba, domin ƙarfin ya same shi daidai lokacin da ya juyo ƙasa. Da digiri ake auna wannan rigayen. A galibin irin waɗannan injuna, idan mota na silo, adadin yakan kasance tsakanin digiri 5 zuwa 10, ya riƙa ƙaruwa da kansa har ya haura 30 idan inji ya ɗauki gudu. Kowane inji da nasa adadin, kuma yana rubuce a littafin motar.

Idan wuta ta makara, mota za ta yi nauyi, salansa ta yi zafi fiye da kima, ruwan lagireto ya riƙa tafasa a cunkoson titin Ahmadu Bello, mai kuma ya riƙa tafiya a banza. Wannan ko yaro ya gane. Wadda ta fi haɗari ita ce wutar da ta yi gaggawa, don ita daɗin ji gare ta. Da an tura taimin gaba, silo zai tashi, ƙarar inji ta yi santsi, mota ta riƙa amsa totur tun kafin a taka da kyau. Mai mota ya biya yana murmushi. To amma a tsaye take, babu kaya, babu hawa. Bari a cika ta da fasinja da buhunan masara a kama hanyar Zariya cikin zafin Afrilu. Sai a ji wata 'yar ƙara daga inji, ƙaras-ƙaras, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Man ne ke fashewa a lokacin da bai dace ba yana dukan kan fistin. In aka yi biris da ita, ringi zai karye, gasket ya ƙone, wani lokaci fistin ya huje. Wata alamar kuma ita ce mota ta riƙa yi wa sitata gardama idan ta yi zafi, har a ɗora wa batir laifin da ba nasa ba. Abin ya fi muni idan an haɗa da matse kafireto, domin ƙarancin mai a cikin iska yana ƙara wa inji zafi.

Aikin ƙwarai da fitilar taimin ake yinsa, kuma ba ya cin rabin awa. Bakanike zai bari inji ya ɗumama. In motar mai kwantak ce, sai ya fara gyara tazararsa, wajen milimita 0.4, don ita kanta tazarar tana gusar da taimin. Zai goge fuli ya shafa alli a kan 'yar tsagar da ke jikinsa, ya maƙala fitilar a wayar fulogi na ɗaya, a yawancin motoci ya cire siririn tiyon da ke shiga distiribita ya toshe shi. Duk walƙiyar da fitilar ta yi, sai a ga allin kamar ya tsaya cak a gaban lamba. Da ido ake ganin digirin, babu batun "ina jin ta yi".

Wannan siririn tiyo, a lura da shi. Shi ke jan wani ɗan faranti a cikin distiribita ya ƙara gaggauta wuta idan ana tafiya a hankali ba a danne totur ba, kuma a nan ne ainihin sauƙin mai yake. Motoci da dama a garin nan an daɗe da cire musu shi an cusa ƙusa a gurbinsa. Akwai kuma wasu ƙananan ƙarafa biyu masu sifirin da ke buɗewa idan inji ya yi gudu. Ƙura da busasshen giris kan sa su maƙale. Distiribitar da waɗannan suka mutu a cikinta, ko an kwana ana murɗa ta ba za ta saitu ba.

Bayan fitila sai gwajin titi. A sa giyar ƙarshe a gudun kilomita 40 zuwa 50, a danne totur. In an ji ƙarar nan, a mayar da taimin baya da digiri 2 a sake gwadawa. Gwajin ya zama dole domin motocin da aka shigo da su daga Turai sun saba da man can, mu kuwa fetur iri ɗaya ake sayar mana a gidan mai, na 'yan bumburutu kuma sai abin da ka gani. Wanda ya mayar da motarsa ta gas shi ma ya sani: gas ya fi fetur jinkirin ƙonewa, yana son ƙarin rigaye, kuma saitin da ya yi masa daidai na iya sa inji ƙara idan an koma fetur.

Don haka mai mota, kafin ka bari a ɗora sifana a kan distiribitarka, tambayi bakanike ko yana da fitila, kuma digiri nawa zai sa. In ya ce kunnensa ya wadatar, ka ba shi haƙuri ka nemi wani garejin.