Murhu, Itace da Lafiyar Yara

Idan magariba ta gabato, hayaƙi yakan tashi daga kowane gida a ƙauye. Uwargida tana gaban murhu tana tuƙa tuwo, ga goyo a bayanta. Idonta yana hawaye, yaron yana tari. Mutane da yawa ba su ɗauki wannan a bakin komai ba, domin haka aka taso aka tarar. Amma likitoci sun gano cewa hayaƙin nan yana cikin manyan abubuwan da ke kashe ƙananan yara.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin girki ya jawo mutuwar mutum kamar miliyan 3 da dubu 200 a duniya. A cikinsu akwai yara fiye da dubu 237 waɗanda ba su kai shekara 5 ba. Ke nan magana ce da ta shafi kowane maigida da kowace uwargida.

Yadda Hayaƙi Yake Cutar da Yaro

Duk wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin ɗakin girki zai ga ya yi baƙi ƙirin da kunkunniya. Irin wannan baƙin ne yake shiga ƙirjin mai girki da na yaron da ta goya. Huhun yaro ƙarami ne, bai gama ƙwari ba. Kuma yaro ya fi babba saurin numfashi. Saboda haka hayaƙi ya fi yi masa illa.

Hayaƙi yana raunana huhu. Idan huhu ya yi rauni, sai ciwon haƙarƙari, wato namoniya, ya sami hanyar shiga. Mace mai ciki da take yini cikin hayaƙi tana iya haifar jariri ɗan ƙarami marar nauyi. Ita kanta uwar, idan shekaru suka tura, tana iya kamuwa da tarin da ba ya jin magani, ko yanar ido.

Alamun da Ba a Wasa da Su

Ba kowane tari ne ciwon haƙarƙari ba. Ana ganewa ta wajen numfashi. Idan yaro yana tari, a jira ya natsu, sannan a ƙirga numfashinsa na minti ɗaya da agogo ko da waya.

Jaririn da bai kai wata 2 ba, idan numfashinsa ya kai 60, akwai haɗari. Daga wata 2 zuwa shekara 1, idan ya kai 50, akwai haɗari. Daga shekara 1 zuwa shekara 5, idan ya kai 40, akwai haɗari. Haka kuma idan ƙasan ƙirjin yaro yana lotsawa ciki lokacin da ya ja numfashi, ko ya kasa shan nono, ko ya yi ta barci ba ya farkawa sosai. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, kada a tsaya turare ko jiƙe-jiƙe. A kai shi asibiti a ranar. Ciwon yana da magani, amma jinkiri yana kisa.

Rigakafi kuwa ya fi magani. Nonon uwa zalla har wata 6 yana ƙara wa jariri ƙarfin yaƙi da cuta. Akwai kuma allurar rigakafin namoniya da ake yi wa jarirai a sati na 6, da na 10, da na 14.

Abin da Za a Iya Yi Ba Tare da Kashe Kuɗi Ba

Girki da gas ko lantarki shi ne mafi tsabta, amma ba kowane gida ne yake da halinsa ba. Gidan da ke girki da itace yana iya rage cutar ta waɗannan hanyoyi:

1. A sauke goyo kafin a hura wuta. Kaka, ko abokiyar zama, ko wata babbar yarinya ta riƙe shi nesa da murhu.

2. A yi girki a tsakar gida ko a rumfa mai shan iska. Idan dole sai a ɗaki, maigida ya fasa taga a sama, wadda hayaƙi zai riƙa fita ta cikinta.

3. A yi amfani da busasshen itace. Ɗanyen itace hayaƙi ne kawai, ba ya ba da zafi. A faskara shi ƙanana, a adana shi inda ruwan sama ba zai taɓa shi ba.

4. Kada a hura wuta da leda ko tsohon takalmin roba. Hayaƙinsu guba ne.

5. A rufe tukunya da murfi. A jiƙa wake tun da dare, domin ya yi saurin nuna. Girkin da bai daɗe a wuta ba, hayaƙinsa kaɗan ne, itacensa kaɗan ne.

Akwai wani haɗarin kuma na lokacin hunturu. Wasu sukan shiga da kaskon garwashi ɗaki, su rufe ƙofa da taga, su kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, ba a kuma ganinta. Tana sa ciwon kai da jiri, tana kuma kashe mutum cikin barci. Ɗakin mai jego da jariri ya fi kowane ɗaki buƙatar a kiyaye wannan. In an ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Murhu Mai Tsimin Itace

Murhun duwatsu uku yana ɓarnar itace, domin iska tana kwashe zafin ta kowane gefe. Idan aka kewaye shi da laka, zafin zai taru a gindin tukunya. Kowace mace tana iya gina irin wannan murhu da hannunta.

A samo yumɓu ko ƙasar suri. A haɗa da kashin jaki ko na shanu, da ƙaiƙayi. A kwaɓa sosai, a rufe, a bar shi ya kwana kamar mako guda. Sai a girka duwatsu uku, a ɗora tukunyar da aka saba girki da ita. A gina katanga kewaye da duwatsun har zuwa wuyan tukunya. A bar 'yar tazara kamar faɗin yatsa tsakanin tukunya da katangar, domin wuta ta sami hanyar lasar gefen tukunya. A yanke ƙofa ɗaya ta sa itace, ta fuskanci inda iska ke zuwa. A bar shi ya bushe sarai kafin a hura wuta. In ya tsage, sai a yaɓe.

Wannan murhu ba ya cin itace kamar na da. Yana kuma tsare yara masu rarrafe daga faɗawa wuta. Amma a sani, bai kawar da hayaƙi gaba ɗaya ba. Ko da shi, dole yaro ya yi nesa da wurin girki.

Daga Ina Itace Zai Fito?

Tsofaffi suna tuna lokacin da ake samun itace a bayan gari. Yanzu a wurare da yawa sai an yi tafiya mai nisa. Yawanci yara mata ake aika. Yarinyar da ta yini neman itace ba ta je makaranta ba. Idan itace ya ƙare, sai a koma ƙona kara da kashin shanu, waɗanda su ne abincin gona. Gona ta rasa taki, amfani ya ragu, tuwon yara ya ragu.

Manoman jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun nuna cewa akwai mafita. A shekarar 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da ake sassabewa a gonaki kowace shekara ba ciyayi ba ne. Toho ne na kututturen itatuwan da aka sare, waɗanda saiwarsu tana nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Bayan farin 1984, manoma suka fara gwada barin tohon nan.

Dabarar ba ta da wuya. Lokacin sassabe, manomi ya zaɓi rassa masu ƙarfi a kowane kututture, kada su wuce 5. Ya datse sauran. Ya tsare su daga wuta da dabbobi. Tun da saiwar tsohuwa ce, itacen yana saurin girma fiye da dashe, kuma ba ya buƙatar ban ruwa. Rassan da ake datsewa kowace shekara su ne itacen girki.

Dabarar ta bazu daga manomi zuwa manomi har ƙasar Damagaram. Masu bincike sun ƙiyasta cewa an farfaɗo da itatuwa kamar miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Gawo yana cikin waɗanda suka fi yawa. Shi gawo yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana. Ganyensa taki ne, 'ya'yansa kuma abincin dabbobi ne. Kalgo, da sabara, da magarya, da aduwa, duk suna tohowa ta wannan hanya.

Rabon Yara a Cikin Aikin

Itace tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaro yana koyon abin da ya ga iyayensa suna yi. Uban da ya je sassabe da ɗansa, ya nuna masa reshen da za a bari da wanda za a datse, ya bar masa gadon da ya fi kuɗi.

Yana da kyau kowane yaro a gida ya sami itacensa da zai riƙa kula da shi. Zogale ya dace da wannan, domin yana saurin girma, kuma ruwan alwala da na ɗauraye kwanuka ya ishe shi. Ganyensa a miya ko a kwaɗo yana gina jikin yara da masu jego. A koya wa yara su riƙa tsince leda a tsakar gida, domin akuyar da ta ci leda takan rame har ta mutu. Toka da sharar gida kuwa a tara su a juji, su zama takin gona.

Wannan aiki ba na mace kaɗai ba ne. Maigida shi ne mai kafa rumfa, da fasa taga, da barin toho a gona, da kai yaro asibiti a kan lokaci. Uwargida ita ce mai gina murhu da sauke goyo kafin girki. Gidan da aka haɗa hannu haka, tarin yara zai ragu, kuɗin magani da na itace su ragu, yarinya kuma ta sami lokacin zuwa makaranta.

Lafiya uwar jiki. Allah Ya raya zuriya, Ya ba da damina mai albarka, amin.