Kasuwar da Ta Ƙi Watsewa: Hasken Dare da Barcin Yara Masu Galahanga

Kasuwar ƙauye ba ta da ƙararrawar tashi. Da rana ta karkata, mai koli zai soma naɗe tabarmarsa, mahauci ya karyar da ragowar nama, masu hatsi su ɗaure bakin buhu. Kafin a idar da sallar magariba rumfuna sun yi wayam, sai masu shara da mai gadi. Babu wanda ya ba da umarni, dusashewar haske ce ta sallami kowa.

Jikin ɗan Adam ma haka yake ci ya watse. A can ƙasan ƙwaƙwalwa, daf da inda jijiyoyin idanu biyu suka gitta juna, akwai wani ɗan curi mai ƙwayoyin jijiya kimanin 20,000. Shi ne sarkin wannan kasuwa, ido ne kuma ke kai masa rahoton gari. Idan duhu ya shiga, sai ya sa a saki sinadarin melatonin, wanda ke bin jini rumfa-rumfa yana cewa a tattara kaya. Zafin jiki ya ɗan sauka, ido ya yi nauyi. Gano yadda wannan agogo na jiki ke juyawa a cikin ƙwayoyin halitta ne ya sa Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young suka ci kyautar Nobel a 2017.

A jikin yaro mai lalurar otizim, wadda aka fi sani da galahanga, kasuwar kan kai tsakar dare tana ci. Rabin irin waɗannan yara zuwa kashi 80 cikin 100 na fama da matsalar barci: wani ya yi ta juyi a shimfiɗa, wani ya farka ƙarfe biyun dare garau kamar hantsi. A 2008, masu bincike a Cibiyar Pasteur da ke Faris, ƙarƙashin Thomas Bourgeron, sun tarar da ƙarancin melatonin a jinin masu lalurar da dama, suka kuma danganta shi da raunin ASMT, sinadarin da ke ƙarasa haɗa shi. Ke nan ɗan aiken sarkin kasuwa yakan fito a makare, muryarsa kuma ƙasa-ƙasa.

To, ina ga an kunna fitilu a kowace rumfa? Farin hasken ƙwan sola da na waya da talabijin yana ɗauke da launin shuɗi mai yawa, shi ne kuwa launin da ido ya fi ɗauka a matsayin rana. Idon yaro ya fi na babba shigar da haske. A wani gwaji da aka wallafa a 2018 daga Jami'ar Colorado a Amurka, awa ɗaya ta haske mai ƙarfi kafin kwanciya ta rage melatonin ɗin yara 'yan shekara 3 zuwa 5 da kusan kashi 88 cikin 100. Waɗannan yara ne marasa lalurar. Wanda nasa da ma kaɗan ne, me zai rage masa? Gari na wayewa sai a buɗe kasuwa a kan sharar jiya: fushi ya ƙaru, hankali ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, ƙaramar hayaniya ta zama azaba.

A fahimce ni da kyau: hasken dare ba shi ke haifar da galahanga ba. Tushenta mafi girma gado ne, tana kuma somawa tun ƙwaƙwalwa na ginuwa a ciki. Kada wata uwa ta ɗora wa kanta laifi. Abin da haske ke yi shi ne ƙara wa mai kaya nauyi, wannan nauyin kuwa muna iya sauke shi.

A gidajenmu, sau da yawa wuta takan dawo cikin dare alhali an bar makunni a kunne, ɗaki ya haske a kan fuskar yaro. A riƙa kashe makunnin kafin a kwanta. Uwar da ta gaji takan miƙa waya don yaro ya natsu. Ba abin zargi ba ne, amma a yi ƙoƙari a janye ta awa ɗaya ko biyu kafin barci, a hankali, domin yaran nan ba sa son sauyi na bagatatan. A rage fitila bayan isha'i, a bi tsari guda kullum: wanka, addu'a, shimfiɗa. Da safe a fito da yaro ya sha hantsi, domin hasken safiya ne ke saita agogon. Akwai maganin melatonin, har Tarayyar Turai ta amince da wani nau'insa ga yara masu lalurar a 2018, amma likita ne zai ce a sha da kuma nawa, ba mai kyamis ba.

Barci ba zai raba yaro da galahanga ba. Amma wanda ya ƙoshi da shi yakan tashi da ƙarfin koyo da juriyar zama cikin mutane, mahaifiyarsa ma ta samu ta runtsa. Duk wanda ke zaune gida ɗaya da su, uba ne ko kaka ko yaya, yana da hannu a wannan aiki.