Shin Ko Kun San? A Ƙasar Waje Har Gumin Ɗalibi Aunawa Ake Yi

Shin ko kun san aikin da makiyayi yake yi cikin kwana biyu a dajin Bobi na ƙaramar hukumar Mariga, shi ne iyakar abin da doka ta yarda ɗalibi baƙo ya yi a mako guda cur a Ingila? Awa 20. Tak! Ku lissafa da kanku. Daga tatsar safe zuwa dawowa ruga da almuru, ai awa 10 ta tafi. Gobe ma haka. Ran Talata da dare an cinye rabon mako, sai a naɗe hannu a jira Litinin.

Litinin ɗin ma ba da wasa na ambace ta ba. A dokar bizar karatu ta Birtaniya, mako yana farawa ne ran Litinin ya ƙare Lahadi. Kuma babu ajiya! Wanda ya yi awa 5 a wannan mako ba zai ce yana bin bashin 15 a mako mai zuwa ba. Abin da ya wuce ya wuce. Mai karatun da bai kai matakin digiri ba kuwa, nasa rabon awa 10 ne. Sai an yi hutu ake sakar wa kowa mara, kamar dai 'yan cin rani bayan an kai amfanin gona rumbu.

Ga wadda za ta ba 'yan kasuwarmu mamaki. A Ingila ɗalibi baƙo ba shi da izinin yin sana'ar kansa. Ko kaɗan. Ya yi wa wani aiki a biya shi, babu laifi. Amma ya kafa tasa? Haram a doka. Tallar kilishi ta WhatsApp, sayar da hular zanna, kitso a ɗaki ana karɓar kuɗi, duk sun shiga ciki. Mu da muka tashi muna ganin ɗalibi a kwalejin ilimi ta Kontagora yana sayar da katin waya tsakanin lacca da lacca! Har ƙwallon ƙafa na kuɗi an hana. Ko da ƙafarsa ta fi ta Ahmed Musa gudu, ba kulob ɗin da zai ɗauke shi da wannan biza.

To nawa ake samu a awa 20 ɗin? A Afrilun 2025, mafi ƙarancin lada ga mai shekara 21 zuwa sama ya zama fam 12.21 a awa. A mako, fam 244 da 'yan kai. A juya shi zuwa naira, kai ya yi jiri! Amma dakata. A farkon 2025, gwamnatin ƙasar ta ce ɗalibin da ke wajen Landan sai ya nuna yana da fam 1,136 na ci da sha da haya a kowane wata. A lokacin, mai awa 20 ko fam 1,100 ba ya haɗawa a wata. Kuɗin makaranta fa? Ba a ma zo nan ba. Shi ya sa idan na ji yaro yana ce wa mahaifinsa, "Baba, a sayar da shanu biyar kawai in isa can, sauran ni zan nema," sai gabana ya faɗi.

Ko kun san a 2022 iyalan da suka bi ɗaliban Najeriya zuwa Birtaniya sun haura 60,000? Babu ƙasar da ta kai mu a duniya. Sirrin? Mijin ɗaliba ko matar ɗalibi ba a ɗaura musu takunkumin awa 20 ba. Ɗaya na aji, ɗaya na wurin aiki safe da yamma. Daga Janairun 2024 aka rufe wannan ƙofa, sai ga masu digirin bincike irin na dakta da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu.

Mu leƙa Amurka. A can ma awa 20 ce, amma a cikin harabar jami'a kawai! Ɗakin karatu, kantin makaranta, wurin cin abinci. Shekarar farko, shagon da ke tsallaken titi ma ya fi ƙarfin mai bizar karatu ta F-1. Daɗin yana gaba. Bayan kammalawa akwai izinin wata 12 na aiki a fannin da mutum ya karanta, suna ce masa OPT. Wanda ya yi kimiyya, fasaha, injiniyanci ko lissafi, a ƙara masa wata 24. Shekara uku ke nan! Sai dai kuma, kun ji juyin lamari: wanda da ake hana shi aiki, yanzu zaman banza aka hana shi. Ya haura kwana 90 babu aiki a cikin watanni 12 ɗin nan, zamansa ya ɓaci.

Kowace kasuwa da mudunta. Jamus ba da awa take awo ba, da kwana take yi. Kwana 140 a shekara, ko rabin yini 280, tun daga Maris ɗin 2024. Kafin nan 120 ne. Wata huɗu da kwana 20 ke nan, kusan daga shuka zuwa yankan gero da dawa. Rabin yini kuma awa 4 ne. A ƙara ko kaɗan a kai, an rubuta yini guda!

Faransa kuwa ta zauna da alƙalami. Awa 964 a shekara. Ba 960 ba, ba 1,000 ba. Kashi 60 cikin 100 ne na awa 1,607 da cikakken ma'aikaci yake yi. Ɗan Maraɗi da ɗan Kontagora duk mudu ɗaya. Ɗan Aljeriya fa? Nasa kashi 50 ne, saboda wata yarjejeniya ta musamman da ƙasashen biyu suka ƙulla tun 1968. Aji ɗaya, benci ɗaya, rabo daban!

Ostareliya ta fi kowa iya tarko. Awa 48 a mako biyu, tun 1 ga Yulin 2023. Sauƙi ko? To ku saurara. Kowace Litinin sabon lissafi take buɗewa. Ɗalibi ya yi awa 10 a makon farko, 30 a na biyu, ya ce alhamdu lillahi, 40 ce. Ya sake yin 30 a na uku. Hukuma ta haɗa na biyu da na uku: 60! Ya karya doka yana murmushi.

Kada wani ya ce wa zai gani. A Disambar 2017 'yan sandan Ontario a Kanada suka tsayar da wata babbar mota a hanya. Direban ɗalibi ne ɗan Indiya, saura kwanaki kaɗan ya gama karatu. Me ya tona masa asiri? Littafin da shi kansa yake rubuta awowin tuƙinsa a ciki! Ya wuce 20. Mutum fiye da 50,000 suka sa hannu a takardar roƙo. Duk da haka a Yunin 2019 sai da ya bar ƙasar. Abin haushi, a Nuwamban 2022 Kanada ta ɗage iyakar gaba ɗaya na ɗan lokaci saboda ƙarancin ma'aikata. Yanzu awa 24 ce, tun Nuwamban 2024.

Malesiya, inda 'yan Arewa da yawa suka yi digiri na biyu da na uku, ita har wurin aikin ta zaɓa wa ɗalibi. Wuri huɗu: gidan abinci, gidan mai, ƙaramin kanti, otal. Awa 20, kuma sai lokacin hutun da ya wuce kwana 7. Ga ƙarin gishiri: ban da zama a kan akwatin kuɗi. Ya jera kaya, ya share, ya kai faranti, amma kada ya zama mai karɓar ciniki!

Indiya ma ba ta tsaya awo ba. Bizar karatu ta karatu ce, babu aikin albashi a cikinta. Ɗaliban da gwamnatin Kano ta tura can a shirin mutum 1,001 na 2023, alawus ɗin gida shi ne uwa shi ne uba.

Japan ta ba da awa 28, amma sai an nemi izini daban. Gidan caca da mashaya irin ta dare kuwa, ko wanke-wanke aka ce ɗalibi ya yi a can, ya taka doka. Ailan ta rubuta kalandarta ƙarara: awa 40 daga Yuni zuwa Satumba, da kuma 15 ga Disamba zuwa 15 ga Janairu. Sauran shekara, 20.

Na kan tuna kakanninmu da suka bi hanyar gabas a ƙasa. Shekaru suke yi kafin su isa Makka, a tsaya a Sudan a tsinci auduga a gonakin Jazira, a yi karatu, a tara guzuri, a ƙara gaba. Wa ya ƙirga musu awa?

Yanzu mu dawo gida. Shin ko kun san kamfanin FrieslandCampina WAMCO, mai madarar Peak, yana cikin waɗanda suka samu fili a makiyayar Bobi ta ƙaramar hukumar Mariga? Uwar kamfanin tana Holan. To a ce ɗan Bobi ya samu gurbi a jami'ar Wageningen, wadda ta yi suna a harkar noma da kiwo, ya je koyon sarrafa madara. Rabonsa awa 16 a mako, ƙasa da na Ingila. Ko ya haƙura ya yi cikakken aiki a Yuni, Yuli da Agusta. Ɗaya zai zaɓa, ba a haɗawa. Takardar izinin ma ba shi zai nema ba, mai ɗaukarsa aiki ne zai nema masa.

Amma ku riƙe hularku. A Holan ɗin nan, idan ya yi rajistar sana'ar kansa, babu mai ƙirga masa awa! Sana'ar da za ta sa a soke masa biza a Landan, a Amsterdam lambar rajista za a ba shi. Tsakaninsu tafiyar jirgin sama ce ta awa ɗaya da 'yan mintoci.