Burujin Zaki: Inda Jabha da Harsan Suke a Sararin Sama

Duk wanda ya tashi a gidan noma ya saba jin dattawa suna lissafin damina da taurari. Yau a ce Nasara ta kama, an jima a ce Ɗarfa ta shigo, sai Jabha, sai Harsan, kafin Sarfa ta buɗe ƙofar kaka. Kowace tana yin kwana 13, in ban da Jabha da ake ƙara wa kwana guda don shekara ta cika kwana 365. Sunayen suna nan a bakin mutane, amma ka ce wa mai lissafin ya fito tsakar gida ya nuna maka Jabha da yatsa, da wuya ka dace. Ga shi kuwa taurari ne na zahiri, ana ganinsu da ido ba tare da wata na'ura ba. Jabha da Harsan da Sarfa duk suna cikin buruji ɗaya, na biyar a jerin buruji goma sha biyu da rana ke ratsawa a shekara, wanda Larabawa ke kira Asad, Turawa kuma Leo. Mu ce masa Zaki.

Akwai dalilin da ya sa manomi bai san fuskar Jabha ba. A watan Agusta, lokacin da ake cewa ta kama, rana ce ke zaune a wannan yanki na sama. Tana shiga Zaki wajen 10 ga Agusta, ba ta fita sai wajen 16 ga Satumba, don haka taurarin tare suke fitowa da ita, tare suke faɗuwa. Mai son ganin Zaki da dare sai ya nemi watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan kori mutane su kwana a waje.

A nan ƙasar Hausa ta yi sa'a. Babban tauraron Zaki, Regulus, yana digiri 12 ne arewa da tsakiyar sama, Kano kuma tana digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Abin da wannan ke nufi shi ne tauraron ta tsakar kan Bakano yake wucewa. Mutumin Zariya, da na Sakkwato, da na Maraɗi, da na Damagaram duk kusan haka suke ganinsa. A tsakiyar Afrilu, wajen ƙarfe tara na dare, ka shimfiɗa tabarma ka kwanta rigingine don kada wuya ya ƙage. Tauraro fari mai ɗan shuɗi-shuɗi da za ka gani daidai saman fuskarka, shi ne. Daga gare shi ka bi ta arewa, za ka ga wasu taurari biyar sun jeru sun lanƙwasa, sun ba da siffar lauje, Regulus yana gindin ƙota. Laujen nan shi ne kai da gezar zakin, yana fuskantar yamma. Sai ka miƙe hannu ka ware yatsu, ka ɗora babban yatsa a kan Regulus, ɗan ƙaramin ya nufi gabas. Inda ya sauka akwai taurari uku masu kusurwa uku: biyu na farko su ne Harsan, na can ƙurya, wanda ya fi su haske, shi ne Sarfa, wato Denebola, wutsiyar zakin. Jabha kuwa ita ce Regulus da ukun da ke binsa a jikin laujen.

Yawancin buruji sai mutum ya matsa wa tunaninsa kafin ya ga dabbar da aka ce. Zaki ba haka yake ba. Da ka gane shi sau ɗaya, ka ga dabba a kwance ta ɗaga kai, kuma ba ka ƙara ɓatan sa.

Wataƙila shi ya sa al'ummu da yawa suka haɗu a kan suna ɗaya. Mutanen Babila, a ƙasar Iraƙi ta yau, sun kira shi babban zaki tun fiye da shekara dubu uku da suka wuce, Regulus kuma suka ce masa sarki. Amma labarin da ya fi yawo na Girkawa ne. A tatsuniyarsu, wani zaki ya addabi kwarin Nimiya, fatarsa ba ta jin ƙarfe ko dutse. Sarki Yuristiyas ya ɗora wa gwarzon nan Hirakilis, wanda Rumawa ke kira Hakulis, ayyuka goma sha biyu masu wuya, na farkonsu kashe wannan zaki. Ya harba kibau, suka zame. Da ya ga makami ba ya ci, sai ya toshe ƙofa ɗaya ta kogon zakin mai ƙofa biyu, ya shiga ta ɗayar, ya shaƙe shi da hannu. Wajen fiɗa ma wuƙa ta ƙi, sai da ya yi amfani da faratan zakin kansa. Fatar ta zama rigar yaƙinsa, shi ya sa a zane-zanen tukwanen Girka ake gane shi da kan zaki a bisa kansa. Wurin da ya fi ban dariya shi ne sarkin da ya aike shi: da ya hango shi tafe da mushen, tsoro ya kama shi, ya hana shi ƙara shiga gari, har ya sa aka binne masa wata randar tagulla da zai riƙa ɓuya a ciki. Daga nan, in ji su, aka ɗauki zakin aka kafa a sama.

Zakin ma ya yi asarar tukkun wutsiyarsa saboda fadanci. Gabas da Denebola, ɗan arewa kaɗan, akwai wani gungu na ƙananan taurari dishi-dishi da a da ake lissafa shi a jikin Zaki. Wajen shekara ta 246 kafin haihuwar Annabi Isa, Sarkin Masar Batlimus na uku ya tafi yaƙi Sham, matarsa Sarauniya Barnis ta yi bakancen gashin kanta in ya dawo lafiya. Ya dawo, ta aske ta kai ɗakin bauta, gashi ya yi ɓatan dabo. Masanin taurarin fada, Konon, ya nuna gungun nan ya ce ga gashin can an ɗaga shi sama. Sunan ya zauna, har masu zana taswirar sama a Turai suka ware shi ya zama rukuni mai zaman kansa a ƙarni na 16.

Larabawan dauri kuwa zakinsu ya fi wannan girma nesa ba kusa ba. Ya miƙe tun daga burujin Jauza'u har cikin Sumbula. Zira'a dantsensa ce, Nasara hancinsa, Ɗarfa idanunsa, Jabha goshinsa. Wato mafi yawan taurarin daminar da malaman hisabi ke lissafawa sassan jikin wannan tsohon zaki ne. Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na siffofin taurari da ya kammala a 964, ya kawo zakin Girkawa ya kuma yi bayanin abin da Larabawa ke kiran taurarin.

Sai dai kada siffar ta ruɗe ka, taurarin ba maƙwabtan juna ba ne. Ana auna nisansu da shekarar haske, wato tafiyar da haske ke yi a shekara guda, kimanin kilomita tiriliyan 9.5. Denebola tana shekarar haske 36 daga nan, Regulus 79, Algieba da ke tsakiyar laujen kuma wajen 130. Daga inda muke tsaye ne kawai suka yi kamar sun jeru.

Regulus shi ne na 21 wajen haske a duk sararin dare, kuma halinsa abin mamaki ne. Ranarmu kan yi kusan kwana 25 kafin tsakiyarta ta juya sau ɗaya. Regulus, da ya ninka ta nauyi fiye da sau uku, ƙasa da awa 16 yake yi. Gudun ya sa ya baje, ƙugunsa ya fi tsayinsa faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma da zai ƙara sauri kaɗan da ya tarwatse. Ba shi kaɗai ba ne ma, aƙalla taurari huɗu ne a ɗaure da juna, ɗaya yana kewaya shi duk kwana 40. Da yake yana bakin hanyar da rana da wata da duniyoyi ke bi, wata kan rufe shi lokaci zuwa lokaci. Zara ma ta taɓa gittawa ta gabansa ranar 7 ga Yuli, 1959, za ta kuma maimaita ranar 1 ga Oktoba, 2044. Saboda haka in ka ga wani baƙon haske kusa da shi wanda ba ya ƙyaftawa, duniya ce ta zo wucewa.

A ganina Algieba ya fi shi daɗin kallo a madubin hangen nesa. Da ido ɗaya ne, amma ko ƙaramin madubi aka ɗaga masa ƙarfi zai raba shi biyu: taurari biyu masu ruwan zinare, dab da juna, suna kewaya juna cikin fiye da shekara 500. Akwai kuma Wolf 359, ɗan jan tauraro da ke cikin mafi kusa da mu, ƙasa da shekarar haske 8, amma saboda rashin ƙarfinsa ido ba ya ganinsa ko kaɗan. Kusanci daban, haske daban.

Masu shafin duba a jaridu da intanet kan ce wanda aka haifa daga 23 ga Yuli zuwa 22 ga Agusta ɗan Zaki ne, wai yana da son mulki. Ko a lissafi maganar ba ta tsaya ba. Duniya tana layi a hankali, zagaye ɗaya cikin kusan shekara 26,000, kuma tun da aka tsara waɗannan ranaku fiye da shekara dubu biyu da suka wuce, sama ta goce da kusan wata guda. Wanda aka haifa a ƙarshen Yuli, rana tana cikin burujin Saraɗan ne a ranar. Sanin taurari don gane lokaci da alƙibla ilimi ne. Jingina musu halin mutum ko arzikinsa kuwa camfi ne.

Babbar dukiyar Zaki tana can bayan taurarinsa. Ranarmu ɗaya ce cikin taurari fiye da biliyan 100 da suka taru suka yi wani makeken faifai, irin tarin da ake kira galaksi. Farin zirin nan da ke ratsa sama a daren da babu wata, shi ne faifan kamar yadda muke hangensa daga ciki, kuma ƙurar da ke cikinsa tana tare gani. Wanda ya dubi Zaki ya kau da kai daga faifan ke nan, yana leƙa waje ta inda babu shamaki. Shi ya sa galaksi suka yi yawa a wannan yanki.

Waɗanda suka fi suna uku ne da ke ƙasan Harsan. Ka samu tauraron Harsan na kudu, Chertan, ka gangara kudu maso gabas kamar faɗin yatsu biyu. Nan M65 da M66 da NGC 3628 suke, a nisan shekarar haske wajen miliyan 35, kuma madubi mai faɗin santimita 10 zuwa 15 yana iya haɗa su a gani ɗaya. Bafaranshe Charles Messier ne ya gano biyun farko a 1780. Shi taurari masu wutsiya yake farauta, jerin da ya yi na abubuwan da ke ɓata masa lokaci ne don suna kama da su. Yau da jerin ake tunawa da shi, harafin M ma daga sunansa ne. Na ukun William Herschel ya gano shi a 1784 daga Ingila. Ta gefe muke kallonsa, siriri, da baƙin layin ƙura ya raba shi tsaka, kuma jan da maƙwabtansa ke yi masa ya zare masa wata jela ta taurari mai tsawon shekarar haske kusan 300,000. Messier da Herschel ba su san girman abin da suke gani ba. Sai a shekarun 1920 Edwin Hubble ya tabbatar irin waɗannan ɗigon hazo galaksi ne masu zaman kansu, a wajen namu.

Gabas da Regulus, kamar faɗin dunƙulen hannu, akwai M95 da M96 da M105, waɗanda Pierre Méchain ya gano a 1781. A watan Maris na 2012 wani tauraro ya fashe a cikin M95, har masu ƙananan madubai suka yi ta kallonsa makonni. Kusa da bakin zakin kuma, ƙasa da Alterf, ɗaya daga taurarin Ɗarfa, akwai NGC 2903, mai haske sosai amma ya kuɓuce wa Messier.

Gara a faɗi gaskiya tun wuri: ba za ka ga launuka da hannuwa masu murɗewa irin na hotunan madubin Hubble ba. Ɗan tabo ne toka-toka, sai ka natsu. Ana bukatar daren da babu wata, nesa da fitilun gari da na janareto. Ka kashe waya, ka ba ido minti ashirin ya saba da duhu, sannan kada ka kafa wa abin ido kai tsaye, ka dubi ɗan gefensa, domin gefen ido ya fi tsakiya kama haske mai rauni. Hazo shi ne babban abokin gaba. Daren da ya biyo bayan ruwan farko, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, lokacin da ƙura ta kwanta, ya fi darare goma na hunturu.

Zaki yana da wani abin kallo a watan Nuwamba. Wajen 17 da 18 ga wata duniya kan ratsa ɓurɓushin da tauraro mai wutsiya Tempel-Tuttle ya bari a hanyarsa, tsakuwoyin su faɗo cikin iska da gudun kilomita 71 a daƙiƙa, su ƙone, a gan su kamar taurari suna tsinkewa daga cikin laujen. A shekarar da ba ta da wani abu, goma zuwa sha biyar ake gani a awa. Amma tauraron yana dawowa duk shekara 33, kuma a kusa da dawowarsa abin kan zama ruwa. A daren 12 wayewar 13 ga Nuwamba, 1833, mutanen Amurka sun ga dubun dubbai a awa guda, da yawa suka ɗauka tashin duniya ne. Binciken da Denison Olmsted na Jami'ar Yale ya yi a kan wannan dare ne ya nuna daga wajen duniya abin yake zuwa. An sake ganin irinsa a 1966, sannan a 1999 da 2001. Tempel-Tuttle zai dawo a 2031. A Nuwamba Zaki ba ya fitowa sai bayan tsakar dare, don haka mai son kallo sai ya tashi wajen ƙarfe uku, ya fuskanci gabas, ya yi ta duba har kiran assalatu.