Shin ta baya tana kamo ta gaba?

Shirinmu na yau zai leƙa wata tsohuwar muhawara ta masana tattalin arziki: a cikin ƙasashe masu hali, shin ta baya tana kamo ta gaba? Kuma da wane mudu ake aunawa?

A 1986 masanin nan Ba'amurke, William Baumol, ya ɗauki alƙaluman da Angus Maddison ya tattara na ƙasashe 16 masu masana'antu, daga 1870 zuwa 1979. Sai ya ga waɗanda suka taso daga ƙasa, irin su Japan da Finland, sun fi Birtaniya da Ostireliya saurin bunƙasa. Hankali zai ɗauka kuwa, domin inda injuna suka yi ƙaranci kowane sabon inji riba yake kawowa mai tsoka, sannan kwaikwayon fasahar da wani ya ƙirƙiro ya fi ƙirƙirar ta sauƙi.

Bayan shekara biyu wani masanin, Bradford DeLong, ya ce a dakata tukuna. Yaya aka zaɓo ƙasashen nan 16? Ai don sun riga sun yi arziki ne aka sa su a jerin. Kamar mutum ne ya je bikin yaye ɗalibai, ya ƙirga masu karɓar takardar shaida, ya fito yana cewa a makarantar nan ba a faɗuwa jarrabawa. DeLong ya koma 1870, ya shigo da ƙasashen da ake yi wa kallon masu makoma a lokacin, irin su Ajantina, Chile, Sifen da Fotugal, ya cire Japan. Da ya sake lissafi, kusantar nan da ake taƙama da ita ta dusashe. Ajantina kuwa, wadda a farkon ƙarni na 20 take sahun gaba a duniya, tuni aka bar ta a baya. A ganina, DeLong ne ya fi gaskiya a nan.

Daga bisani Robert Barro da Xavier Sala-i-Martin suka auna jihohin Amurka da yankunan Turai da na Japan, suka samu tazarar da ke tsakanin na gaba da na baya tana raguwa da kimanin kashi 2 cikin ɗari a shekara. Kada adadin ya ruɗe ku, jama'a: da wannan tafiya, sai an yi shekara 35 kafin a cike rabin giɓin.

Shi kansa mudun ma yakan yi ƙarya. Alƙaluman Ireland na shekarar 2015 sun nuna tattalin arzikinta ya ƙaru da kusan kashi 26 cikin ɗari a shekara guda. Albashin ma'aikacin Dublin bai yi wannan tsalle ba. Manyan kamfanonin waje ne suka mayar da rajistar kadarorinsu can. Dole ta sa a 2017 hukumar ƙididdigar ƙasar ta fito da wani ma'auni na daban, wanda ke tace yawancin tasirin waɗannan kamfanoni kafin a kwatanta Ireland da maƙwabtanta.