Farin yashin da kuke gani a Instagram, kashin kifi ne

Duk mai yawo a Instagram ko TikTok ya sha cin karo da hotunan tsibiran Maldibs: ruwa shuɗi garau, yashi fari tas kamar fulawa, wani ya kishingiɗa yana shan iska. To a yi haƙuri da abin da zan faɗa: kaso mai yawa na yashin nan kashin kifi ne.

Ana kiransa kifi mai bakin aku, don haƙoransa sun haɗe kamar bakin tsuntsun. Yini yake yana kankare gansakuka daga jikin murjani, ya haɗiye har da ɓarɓashin dutsen, ya niƙe, ya kasayar da shi yashi. Babba guda ɗaya kan fitar da ɗaruruwan kilo a shekara.

Mu dai murjani a wuyan amare muka san shi, amma wancan jan ɗan uwa ne kawai. Wanda ake magana a nan wasu ƙananan dabbobi ne da ke gina wa kansu gidan dutse a cikin teku, gini kan gini, har ya zama tudu. Tuddan nan ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in halittun teku na rayuwa a jikinsu. A cikin tsokar murjanin akwai wasu ƙwayoyin gansakuka da ido ba ya gani, su ke ba shi abinci da launi. Idan ruwa ya ɗara zafin da ya saba da digiri 1 kacal na wasu makonni, sai murjani ya kore su, ya koma fari fat. Bai mutu ba tukuna, yunwa ce ta kama shi. In ruwa ya huce da wuri zai farfaɗo.

Matsalar ita ce yanzu ba ya samun hutu. Babban tudun murjani na Ostireliya, mai tsawon kilomita 2,300, ya yi irin wannan fari a 2016, 2017, 2020, 2022 da 2024. Ina lokacin jinya?

A nan ne mai bakin aku ke shigowa. Da murjani ya raunana, ciyawar teku kan yi caa ta rufe wurin, jariran murjani su rasa inda za su manne. Dole sai da mai share fili. Jamaika ta ɗanɗana wannan. An yi shekaru ana kwashe kifi har manya suka yi wuyar gani, aikin shara ya koma hannun bushiyar teku ita kaɗai. Guguwar Allen ta farfasa murjani a 1980, sannan a 1983 annoba ta kashe kusan dukkan bushiyoyin. Murjanin da ya rufe kusan rabin tuddan ƙasar a ƙarshen shekarun 1970 ya koma ƙasa da kashi 5 cikin 100 a farkon shekarun 1990.

Ni fa ban ga laifin masunci ba. Mutumin da yara ke jira a gida, in manyan kifaye sun ƙare, abin da ya shiga komarsa shi zai ɗauka. Sai an sama masa wata hanyar abinci doka ke aiki.

Ƙasar Beliz, ita ma a tekun Karibiyan, ta haramta kama kifi mai bakin aku a 2009, daga baya ta dakatar da neman man fetur a ruwanta. A 2018 UNESCO ta cire murjaninta daga jerin wuraren gado da ke cikin haɗari.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu, kifi ba ya sanyaya teku. Kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi ya yi hasashe a 2018 cewa in ɗumamar duniya ta kai digiri 1.5, za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjani, in ta kai digiri 2 kuwa sama da kashi 99. A watan Yulin 2023 an auna ruwa a wani lungun teku na kudancin Fulorida ya haura digiri 38, wato ya fi zafin jikin mutum. Sai da masu bincike suka riƙa kwaso murjanin da suke reno a teku suna kai shi tankuna a kan tudu.