Nauyin Kaya da Iskar Taya: Lissafin da Ya Kamata Kowane Direba Ya Sani

Kowace safiya motoci sukan yi dafifi a Kasuwar Muda Lawal da ke garin Bauchi, waɗansu ana sauke musu doya da kayan gwari, waɗansu kuwa ana yi musu lodi. Kome girman mota, abin da ke taɓa kwalta a jikinta bai wuce ɗan wurin da kowace taya ta taka ba. A nan birki da sitiyari suke samun kamun ƙasa.

Iskar da ke cikin taya ita ke ɗauke da mota. Saboda haka idan aka raba nauyin da ke bisa taya da ƙarfin iskar cikinta, za a sami kimanin faɗin wurin da ta taka.

Ga misali. Akori-kura ce mai taya 4, nauyinta da kayanta kilo 2,000. In lodin ya daidaita, kowace taya na ɗauke da kilo 500. Gejin mai faci ya nuna 35, wato kusan kilo 2.5 a kan kowane murabba'in santimita. A raba 500 da 2.5, an sami murabba'in santimita 200, kamar hannun babban mutum in ya shimfiɗa shi.

To, idan aka labta kaya har nauyi ya kai kilo 3,000, kowace taya ta ɗauki 750, faɗin ya koma 300. In kuma iska ta sauka zuwa 1.5, sai ya kai 500. Wannan faɗi ba ƙarin lafiya ba ne, domin taya ba ta samunsa sai ta lotsa. Gefenta yakan riƙa lanƙwashewa duk juyi, ta ɗauki zafi, har ta fashe ana tsakiyar gudu a hanyar Jos ko ta Kano. Yawan iska kuma yakan rage faɗin, tsakiyar taya ta suɗe, kamun ƙasa ya ragu.

Don haka wajibi ne direba ya auna iska da sassafe, kafin taya ta yi zafi, ya bi adadin da maƙeran motar suka rubuta, galibi a jikin ƙofar direba. Haka kuma kada ya yarda a ɗora masa abin da ya fi ƙarfin motarsa. Ribar buhu biyar ba ta kai ran mutum guda ba.